Shigar da Iska cikin Tafkin Tace Ruwan Ƙazanta

Shigar da iska cikin tafkin tace ruwan ƙazanta dabara ce ta ƙara wa ruwan oksijin, domin ƙwayoyin bakteriya masu cinye dauɗa su samu abin shaƙa. Idan oksijin ya yi ƙaranci, ruwan kan yi baƙi ya riƙa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

A tafki marar zurfi, kaɗawar iska da gansakuka ke yin wannan aiki. Da rana gansakukar kan fitar da oksijin, da dare kuwa ta koma shaƙarsa, shi ya sa ya fi ƙaranci da asuba. Inda ƙazanta ta yi yawa ko fili ya yi kaɗan, dole a sa inji.

Wani injin a kan ruwa yake shawagi, farfelarsa na watsa ruwan zuwa sama ya gauraya da iska kafin ya faɗo. Yana da sauƙin girkawa, sai dai ba ya motsa ƙasan tafki sosai. Wani kuma a bakin tafki ake ajiye shi, ya hura iska ta bututu zuwa can ƙasa, ta taso tana kumfa. Ƙananan kumfa sun fi amfani, domin suna tasowa a hankali ruwa na tsotse iskarsu, amma ƙofofin da suke fitowa ta ciki kan toshe, sai an riƙa wankewa.

Galibi ana so oksijin ya kai miligiram 2 a kowace lita. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe shi kamar mai sanyi. Wutar lantarki ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin gudanar da injunan.