Ciyar da yara kafin a yanke maganar aure: abin da ya kamata mazauna kudu su sani

Daga ranar da mace ta bar ɗakinta zuwa ranar da za a yanke magana, ko ta koma ko a rabu, akan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. A wannan tsakanin babu takardar saki, babu hukuncin alƙali, babu yarjejeniya a rubuce. Amma yara kullum sai sun ci, makaranta tana jiran kuɗinta, mai gidan haya ma bai san wani yaji ba. Kuɗin da uba ke bayarwa a irin wannan lokaci, bisa alkawarin baki kawai, shi nake son in yi bayani a kai.

Mu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Anaca ko Fatakwal, abin ya fi yi mana nauyi. Iyaye da waliyyan da za su tsawatar suna can gida, haya da abinci suna da tsada, kuma babu jihar kudu ko ɗaya da ta kafa kotun shari'ar Musulunci irin wadda muka saba da ita a arewa. A zaman sulhun da nake halarta a unguwa, na lura rigimar kuɗin yara takan fi ta auren kanta daɗewa. Shi ya ce ya bayar, ita ta ce ba ta gani ba, kuma babu wanda ke da shaida.

Haƙƙin wane ne?

Ciyar da yaro haƙƙin yaron ne a kan ubansa. Ba ya jiran saki, ba ya jiran biko, kuma ba ya faɗuwa don uwa ta yi laifi. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 6 da 7 na Suratuɗ Ɗalaƙ sun ɗora wa uba wannan nauyi gwargwadon ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga da lafiyar da zai nemi na kansa, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu.

A nan mutane ke cakuɗa abu biyu. Ciyar da matar daban, ciyar da yaran daban. Idan mace ta fita ba da uzuri ba, kuma ta ƙi komawa, malamai sun ce nata haƙƙin yana iya faɗuwa. Idan sakin kome ne, ci da sha da wurin kwananta suna kan miji har ta gama idda. Idan saki ne da babu kome a cikinsa, tana da wurin zama a idda, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Duk wannan lissafin matar ne. Na yara ba ya motsi ko a wane hali. Saboda haka maganar nan da ake yi ta "ta dawo ɗakinta sannan in ba da ko sisi" ba ta da wurin zama idan ana batun abincin yara.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, a sashe na 14, ta ba kowane yaro haƙƙin iyayensa su ɗauki nauyinsa daidai ƙarfinsu, kuma ana iya neman wannan haƙƙi a kotun iyali. Yaro a wannan doka shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2007, sauran jihohin kudu ma suna da nasu. Wannan doka ba ta tambayar irin auren da aka yi, na masallaci ne, na coci ne ko na rajista.

Nawa ake bayarwa, kuma me ya ƙunsa?

Babu wani ƙayyadadden kaso na albashi ko na ciniki da doka ta yanke a Najeriya. Alƙali ko mai sulhu yana duba abu uku: samun uba, bukatar yara, da farashin garin da suke zaune. Yaran da ke Legas da waɗanda aka kai ƙauye wajen kakarsu ba lissafi ɗaya ba ne.

Shawarata ita ce kada a jefa adadi da ka. A zauna da biro da takarda a rarraba:

Abinci da sabulu da makamashin girki na wata.
Kuɗin makarantar boko na kowane zango, da littattafai da kayan makaranta, da na Islamiyya.
Asibiti da magani.
Sutura, har da ɗinkin sallah.
Kason yara a kuɗin haya, in uwar haya take biya.

Mai albashi ya fi sauƙin lissafi. Amma yawancin 'yan'uwanmu a nan 'yan kasuwa ne, masu acaɓa, masu gadi, 'yan canji, 'yan kara da direbobi, samunsu yau akwai gobe babu. Irin wannan gara a yanke masa na mako-mako, misali duk Juma'a, da a ɗora masa dunƙulallen kuɗin wata da zai gagare shi. Ƙaramin adadin da ke zuwa a kan lokaci ya fi babban alkawarin da ba a cikawa amfani ga yaro.

Kowa ya sani cewa abin da aka saba bayarwa a wannan lokaci yakan zama ma'auni daga baya. Uban da ya yi bajinta wata biyu don ya burge surukai, za a ce ai yana da hali. Uwar da ta karɓi abin da bai isa ba ta yi shiru wata takwas, za a ce ai yana isarta. Don haka a faɗi gaskiyar hali tun farko.

Hannun wa kuɗin zai shiga?

Wanda yaran ke hannunsa shi ke karɓa. Malaman Malikiyya sun fayyace cewa mai reno ita ke karɓar ciyarwar, uba ba zai ce a riƙa turo su gidansa su ci su koma ba. Reno kuwa uwa ce a gaba, bayanta mahaifiyarta, sannan a bi jerin da malamai suka tsara. Idan yaran suna wajen kaka a Kano ko Katsina, a tura wa kakar kai tsaye, a sanar da uwar.

Uban da ke zargin ana karkatar da kuɗin yana da mafita ba tare da ya daina biya ba. Ya biya makaranta da kansa ya karɓi rasit, ya biya asibiti da kansa, ya sauke buhun shinkafa da man girki a gaban shaida, ragowar na cefane ya tura wa uwar. Abu ɗaya dai, kayan marmari da yake saya wa yara idan sun zo wajensa, ko wayar da ya ba babban, kyauta ce, ba a cire ta daga kuɗin wata.

Watannin da suka wuce ba a biya ba fa?

Wannan ita ce gaɓar da mata da yawa ba su sani ba. A Malikiyya, ciyarwar matar aure da miji mai hali ya ƙi bayarwa tana zama bashi a kansa. Ta yara kuwa, idan lokacinta ya wuce tana iya faɗuwa, domin an wajabta ta ne don toshe bukatar wannan lokaci. Mukhtasar na Shehu Khalil ya ware hali biyu da ba ta faɗuwa: idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wani ya ciyar da yaran ba da niyyar sadaka ba, da nufin uban zai biya shi.

Ma'ana, uwar da ke sayar da abinci ko kayan ɗakinta tana ciyar da yara, ta ce za ta jira sai ranar shari'a ta lissafa masa duka, tana iya tashi a tutar babu. Abin da ya kamata ta yi tun watan farko shi ne ta kira mutum biyu adilai, ta shaida musu cewa tana ciyarwa ne a madadin uban kuma za ta nemi kuɗinta. Ta aika masa saƙon neman ciyarwa a rubuce, ko ta WhatsApp ne, ta adana. Ta riƙa rubuta abin da ta kashe da kwanan wata. Kunya ba ta da amfani a nan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shaidar biya

Uba ma yana bukatar kare kansa. Na sha ganin mutumin da ya rantse yana ba direban babbar mota saƙon kuɗi duk wata zuwa gida, amma da aka zo lissafi babu takarda, direban ma ya canza hanya. Ga abin da nake ba da shawara:

A tura ta banki daga asusun uba zuwa asusun mai reno, a rubuta dalili a wurin bayani, misali ciyarwar yara ta watan kaza.
Idan ta hannun mai POS aka tura, a tuna sunan mai shagon ne yakan fito a alat, ba na uba ba. A ajiye rasit ɗin, a ɗauki hotonsa nan take don rubutunsa yana gogewa, a tura wa uwar ta amsa cewa ta gani.
Idan kuɗi hannu ne, a samu ɗan littafi guda, mai karɓa ta sa hannu ko ta dangwala, shaida ɗaya ya sa nasa.
Kada a haɗa kuɗin yara da wani bashi, ko adashi, ko maganar kayan ɗaki a turawa ɗaya.

Takardar wucin gadi

Ba sai an je wajen lauya ba kafin a rubuta ƙaramar yarjejeniya. Liman, ko fadar Sarkin Hausawa, ko shugaban kasuwar da uban ke sana'a, duk suna iya jagorantar zama. A rubuta sunayen yara da shekarunsu, adadi da ranar biya, hanyar biya, wanda zai ɗauki makaranta da asibiti, da ranakun da uba zai ga 'ya'yansa. A sa lokacin da za a sake duba adadin, misali bayan wata shida, saboda yadda farashi ke tashi. Idan za a tafi da yaran arewa, a rubuta yardar kowa, domin tafiya mai nisa da yaro tana da nata hukuncin a babin reno. Kowa ya riƙe kwafi, shaidu biyu su sa hannu.

A kiyaye abu biyu. Na farko, a bayyana cewa takardar ta ciyar da yara ce ta wucin gadi, kada a saka lafazin saki a ciki, domin saki a rubuce yana iya aukuwa. Na biyu, idan magana ta kai ga khul'i, kada mace ta yi saurin cewa ta ɗauke wa miji ciyar da yara don kawai ta samu takardarta. Ta tambayi malami, ta yi lissafin shekarun da ke gaba tukuna.

Idan ya ƙi, ina za a kai ƙara?

Mataki na farko waliyyai ne da liman da fadar sarki. Ƙarfinsu na mutunci ne, amma a zango mutunci jari ne, musamman ga mai bukatar amanar 'yan kasuwa. Bayan su akwai kwamitocin shari'a masu zaman kansu da ke zama a wasu masallatan Legas da Ibadan tun wajen 2002. Suna hukunci da fiƙihu, sai dai sai wanda ya yarda yake zuwa, kuma ba su da ikon tilasta wa kowa.

A ɓangaren gwamnati, akwai ofisoshin jin daɗin jama'a da ke kiran iyaye su tsara biyan ciyarwa. A Legas akwai cibiyar sasanci ta gwamnati da a baya ake kira CMC, da ofishin lauyoyin marasa ƙarfi da a baya ake kira OPD, dukansu kyauta suke aiki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar taimakon shari'a ta ƙasa suna da rassa a jihohi. Wurin ƙarshe shi ne kotun iyali, a matakin majistare ko babbar kotu, kuma umarninta dole ne a bi. Ba sai an nemi raba aure ba kafin a shigar da ƙarar ciyar da yara. Masu auren rajista kuma, dokar aure ta 1970 ta ba kotu damar yanke ciyarwa ta wucin gadi tun ana cikin shari'a.

Mazan da ke ɓacewa su canza layi su ma su sani: dokar hana cin zarafi ta 2015 ta mayar da watsar da iyali ba abin ci laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun. Wannan a Abuja ke nan, jihohi da dama kuma sun yi irinta da nasu tanadin.

Idan uwa da yara sun koma arewa, kotun shari'a ta garinsu ko Hisbah suna karɓar ƙorafi, amma isar da sammaci ga mutumin da ke Legas aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Shi ya sa nake cewa a ƙulla takardar kafin a hau mota.

Ga iyaye maza, biyan kuɗin yara ba ya nufin an amsa laifi a rigimar aure. Ga iyaye mata, karɓarsa ba ya nufin an yarda a koma, kuma jinkirin kuɗi ba hujjar hana yaro ganin ubansa ba ne, a kai ƙara inda ya dace. Duk wanda ke cikin wannan hali yanzu, ya nemi dattijo ɗaya da kowa ya yarda da shi cikin makon nan, a zauna a rubuta. Allah Ya daidaita tsakanin ma'aurata, Ya raya mana zuri'a.