Ƙidayar Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Cikin bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ta saba zuwa musu kowace shekara ta yi sheƙa, fiye da rabin jinsinta ba su komo ba. Aka yi ta neman dalili a gonakin Ingila ba a samu ba. Sai daga baya aka gane ashe a ƙasashen da ke kudu da Sahara ta ke cin rani, fari kuwa ya riga ya fara can. Tun daga nan masana suka sakankance cewa wanda ke son sanin yawan tsuntsayen Turai, tilas ya san halin ruwan Afirka ta Yamma.

Ɗaya daga cikin wuraren da wannan magana ta fi shafa shi ne fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Kogin Haɗeja ya taso daga ƙasar Kano, na Jama'are daga duwatsun Jos. Da suka iso nan sai suka tarad da tsofaffin tuddan rairayi, watau jigayi, kalmar da Jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare ta. Tuddan nan su ke tare ruwa, ya rarrabu ya malale, kana ragowarsa ta haɗu ta zama Komadugu Yobe, ta nufi Tafkin Chadi. A shekarun 1950 da 1960 ruwan ya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 in damina ta yi kyau. Dinya da kirinjijiya da gauraka da zalɓe nan su ke kiwo, da hunturu kuma baƙi su sauko daga Turai da Rasha.

Sa'an nan abubuwa biyu suka auku kusan a tare. Aka yi farin 1972 da 1973, aka kuma gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A farin 1984 abin da ruwa ya rufe bai kai rubu'in na dā ba. Madatsar Challawa ta biyo baya a 1992.

A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye wannan fadama, shi ne kuwa ya mai da ƙidaya aikin kowace shekara. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A wancan lokacin, bayan damina a kan shiga jirgin sama a auna faɗin inda ruwa ya kai. Cikin Janairu kuma a bi tafkuna a ƙasa da cikin kwalekwale a ƙirga tsuntsaye jinsi jinsi. In aka jera lissafin shekaru aka gwama, sai a ga yadda yawansu ke bin faɗin ruwa, har a iya kintatar abin da za a samu in an saki ruwa kaza daga Tiga, ko an hana shi. A tsakiyar shekarun 1990 ƙidayar Janairu ta kan wuce 200,000, ta 1997 ma ta haura 300,000. Wurin da ke tara 20,000 kawai ya cancanci shiga yarjejeniyar Ramsar, Tafkin Nguru da mashigar Marma kuwa suka shiga a 2000.

Amma lissafin da ya dogara ga faɗin ruwa kaɗai yana da rauni, kuma fadamar da kanta ta fallasa shi. Dā kogin ya kan ƙafe da rani. Da madatsai suka sa ruwa ya riƙa gudana dukan shekara, sai kacalla ta sami gindin zama, ta toshe mashigai, ta cinye fili. Daga sama wurin ruwa ne, amma agwagwar da ke son buɗaɗɗen tafki ba ta da masauki a ciki. Wanda ya ci riba shi ne jan-baki, da ya sami mafaka a kacalla yana fita yana cinye shinkafa da geron manoman Bade da Haɗeja. Saboda haka masu lissafi na baya suka koma suna duba zurfin ruwa, da irin ciyawar da ke kansa, da watan da ya zo da wanda ya janye, suna kuma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam. Madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan Kogin Jama'are, wanda har yanzu ya fi kawo wa fadamar ruwan malala, ba a kammala ta ba.