Makarantar Soja ta Zariya: Inda Aka Raini Janar-Janar Tun Suna Yara

A shekarar 1954, shekara 6 kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, Turawan mulkin mallaka suka tara yara 30 a barikin soja na Zariya, suka sa musu kaki. Akasarinsu 'ya'yan sojoji ne da suka tashi a bariki. Wannan ƙaramar runduna da aka kira Boys Company ita ce tushen Makarantar Soja ta Najeriya, wato NMS, sunan da ta koma amsawa a 1960. Kyaftin Wellington Bassey, ɗaya daga cikin hafsoshin farko 'yan ƙasa, shi aka fara damƙa wa ragamarta.

Burin Turawa bai wuce su samar da kofur da saje da samanja masu ilimin boko ba. Rundunar wancan zamani cike take da jarumawan da suka yi yaƙin ƙasar Bama, amma kaɗan ne cikinsu ke iya karanta taswira ko rubuta rahoto. Sai aka ga gara a kama yaro tun yana ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rayuwar makarantar ba ta sangartacce ba ce. Begila ke tashin yaro da asuba, ya gyara gado, ya goge takalmi har ya ɗau ƙyalli, ya fita fareti, sannan ya shiga aji ya fuskanci lissafi da kimiyya da Turanci kamar kowane ɗan sakandare. Bayan aji kuma ga atisaye da koyon sarrafa bindiga da karatun taswira.

Abin da aka shuka ya zarce abin da aka yi zato. Daga nan Tunde Idiagbon ya fito, wanda ya zama na biyu a gwamnatin Janar Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa 1985. Cikin tsofaffin ɗalibanta kuma, Joseph Garba ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje, daga baya ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. David Mark ya jagoranci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, Buba Marwa kuwa ya mulki Borno da Legas kafin ya karɓi hukumar NDLEA a 2021.

Buɗe Kwalejin Horas da Hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1964 ya ƙara faɗaɗa hanyar. Yau ɗalibin da ya gama sakandare, ta soja ko ta farar hula, in ya sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya ci jarrabawa da gwajin lafiya, yana iya shiga ya fito da digiri da anini a kafaɗa. Da yawa daga tsofaffin ɗaliban Zariya ma jami'a suka zarce, suka zama likitoci da injiniyoyi da lauyoyi.

Makarantun nan biyu a ƙasarmu suke, kuma kowace jiha tana da gurbinta. Haƙƙi ne a kan iyaye da malamai su riƙa bibiyar lokacin fitar fom, su shirya yaransu tun daga firamare, kada gurbin jiharsu ya tafi a banza.