Sarkoidosis: cutar da likitoci suka daɗe suna kira "mara haɗari"

1/ Ran da likita ya ce maka kana da sarkoidosis, abin da zai fara zuwa bakinka shi ne: "Likita, za ta tafi, ko da ita zan mutu?" Sai da aka shafe kusan shekara 100 kafin a samu amsar da za a iya dogara da ita. Zaren na da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai taɓa jin sunan ba: ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su dunƙule, su zama ƙananan ƙullutai a cikin sassan jiki. Kusan mutum 9 cikin 10 a huhu take kama su, ko a kaluluwar cikin ƙirji. Tana kuma taɓa fata, ido, hanta, zuciya, har ƙwaƙwalwa. Ba sankara ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, kuma har yau ba a gano musabbabinta ba.

3/ A 1869, a Landan, wani lebura mai aikin kwal a bakin ruwa ya je wurin likita Jonathan Hutchinson da wasu tabbai masu duhu a hannu da ƙafa. Hutchinson ya wallafa labarinsa a 1877 a matsayin baƙuwar cutar fata. A 1898 ya wallafa labarin irinta da ya gani a jikin wata mata, sai ya raɗa wa cutar sunan matar, Mortimer, maimakon nasa. Ba kowane likita ke wannan kawaicin ba fa.

4/ A 1899 Caesar Boeck na Norway ya yanki ɗan fatar majinyaci ya duba a madubin likita. Ya ga abin ya yi kama da tsoka, sai ya ciro kalmar "sarkoid" daga Girkanci, ya kuma liƙa mata siffar "mara haɗari". Fata kawai yake gani. Hoton ƙirji a lokacin jariri ne, a 1895 aka gano shi.

5/ Jörgen Schaumann na Suwidin ne a 1914 ya nuna cewa abin da ake gani a fata da wanda ke huhu da ƙashi duk cuta ɗaya ce mai ratsa jiki. Amma shi ma da ya zo raɗa suna, "mara haɗari" ɗin ya maimaita.

6/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen Turai suka shiga ɗaukar hoton ƙirjin jama'a dubu-dubu suna farautar tarin tibi. Sai ga mutane garau, ba tari ba zazzaɓi, amma hoto na nuna kaluluwa ta kumbura a ƙirjinsu. Aka bi su, da yawa kumburin ya baje da kansa. A nan aka gane cewa ana yin cutar a warke ba tare da an ma sani ba.

7/ Sven Löfgren, shi ma ɗan Suwidin, ya lura da wani abu mai ban mamaki a shekarun 1940 zuwa 1950. Waɗanda cutar ta faɗo wa da ƙarfi, da zazzaɓi, kumburin idon sawu da jajayen ƙuraje masu zafi a ƙwauri, su ne suka fi warkewa, galibi cikin shekara 2. Wadda ke shigowa a hankali, ba hayaniya, ita ce ke zama daram.

8/ A 1951 aka fara gwada kotizon a kanta. Hoto ya washe, numfashi ya dawo, kowa na murna. Sai aka tsayar da maganin, ta dawo wa wasu. Ga kuma kuɗin da jiki ke biya idan an daɗe ana sha: ƙiba, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi. To wa za a ba, wa za a ƙyale?

9/ Wanda ya fi taimakawa wajen amsa wannan shi ne John Scadding na Landan. Ba wani sabon magani ya ƙirƙiro ba, haƙuri ya yi. Ya bi majinyata 136 tsawon shekara 5, ya wallafa sakamakon a 1961. Ya nuna cewa hoton ƙirjin farko na ba da hasken inda aka dosa: idan kaluluwa ce kawai ta kumbura, alama ce mai kyau, idan naman huhu ya fara tabo, ba ya komawa. Har yau da matakansa ake aiki.

10/ A 1999 manyan ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Turai suka tattara abin da aka sani. Kusan kashi 2 cikin 3 na masu cutar tana lafa musu da kanta. Kashi 10 zuwa 30 cikin 100 tana zame musu ta dindindin. Wanda take kashewa, kashi 1 zuwa 5 cikin 100. A matakin farko na Scadding, 55 zuwa 90 cikin 100 ke warkewa ba magani. A mataki na 4, inda huhu ya riga ya yi tabo, babu.

11/ Amma ku lura da su wa aka gina tsohon labarin "mara haɗari" a kansu: Turawan Suwidin, Norway da Ingila. A Amurka hoton daban ne. Wani bincike da aka yi a Detroit, aka wallafa a 1997, ya ƙiyasta cewa baƙar fata na da haɗarin kamuwa da ita kashi 2.4 cikin 100 a tsawon rayuwa, farar fata kuwa 0.85. Kuma a jikin baƙar fata ta fi kama sassa da yawa, ta fi daɗewa, ta fi kisa, musamman mata.

12/ Reggie White, tauraron ƙwallon Amurka, ya mutu a 2004 yana da shekara 43. Binciken gawa ya nuna sarkoidosis a zuciyarsa da huhunsa. Bernie Mac, ɗan barkwancin nan, ya yi shekaru da ita kafin nimoniya ta kashe shi a 2008 yana da shekara 50. A Japan kuwa, mafi yawan waɗanda take kashewa ta zuciya take bi, ba ta huhu ba.

13/ Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne kamanninta da tibi. Tari, rama, zazzaɓi, hoton ƙirji, har ƙullutan a madubi, duk suna kama. A ƙasar da tibi ya yi yawa irin Najeriya, shi likita zai fara zargi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai mutum na iya shanye maganin wata 6, gwajin majina bai taɓa nuna ƙwayar ba, tari na nan. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ya fi muni: ka ba mai tibi firednisolon shi kaɗai, ka buɗe wa ƙwayar ƙofa. Shi ya sa ba maganin da za ka saya a kemis ka gwada ba ne.

14/ Wanda aka tabbatar yana da ita a yau, sau da yawa ba a fara masa magani nan take, sa ido ake yi. Ana auna ƙarfin numfashinsa, a duba idonsa ko da bai yi ƙorafi ba, a yi gwajin bugun zuciya, a auna kalsiyam a jini saboda ƙoda. Shekara 2 zuwa 3 na farko su ke nuna inda ta dosa. Idan ta ƙi lafawa, akwai metotireksat da infiliksimab don a rage dogaro da firednisolon. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne gajiya: da yawa huhunsu ya washe tas, likita ya ce an gama, su kuwa hawa bene ɗaya sai sun zauna sun huta.