BABI NA UKU: CIBIYAR SAMARU DA HAƊIN GUIWAR ƘASASHEN AFIRKA TA YAMMA A KAN BINCIKEN NOMA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda unguwannin malamai na birnin Zariya, musamman Juma da Kona, suka daɗe suna karɓar almajirai daga ƙasashe na kusa da na nesa. A wannan babi kuwa za a waiwayi wani nau'in musayar ilimi da ya biyo baya, wato na kimiyyar noma, wanda cibiyarsa take a Samaru, arewa maso yamma da ganuwar birnin. Dalilin kawo wannan batu shi ne, arzikin mutanen birni bai taɓa rabuwa da gona ba. Masaƙa da marina da maɗinka sun dogara ga auduga, mata masu ƙuli-ƙuli sun dogara ga gyaɗa, kowa da kowa kuma ya dogara ga dawa da wake. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, haɗin guiwar da ya amfani manomin Zazzau shi ne wanda ya kawo masa ingantaccen iri don maganin wata matsala takamaimiya, kuma babban rauninsa shi ne dogaro ga kuɗin ƙasashen waje.

3.1 Asalin Cibiyar Samaru

Zuwan jirgin ƙasa Zariya a shekarar 1911 ya ba Turawa damar kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Sai dai audugar gargajiya gajeren zare gare ta, don haka a shekarar 1912 aka shigo da irin da ake kira Allen, wanda asalinsa daga Amurka ne, amma ya biyo ta ƙasar Yuganda. An jarraba shi a gonar gwaji ta Maigana kafin a raba wa manoma. A shekarar 1922 aka kafa tashar Samaru a matsayin hedkwatar ma'aikatar gona ta lardunan Arewa. Daga baya irin Allen ya tsallaka zuwa ƙasar Chadi, inda masu binciken Faransa suka ƙara tace shi, suka yaɗa shi a sauran ƙasashen da suke mulka. Wannan ya nuna cewa tun farko iri bai san iyaka ba.

Duk da haka, ba za a kira wannan haɗin guiwa na 'yan Afirka ba, domin buƙatar masana'antun Turai aka sa a gaba. Cibiyoyin binciken da Ingila ta kafa wa ƙasashenta huɗu na Afirka ta Yamma, kamar ta koko a Tafo ta ƙasar Gana da ta cutar sammore a Kaduna, sun watse bayan samun 'yancin kai, kowace ƙasa ta riƙe abin da yake cikinta. A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, sai aka mayar da tashar Samaru ƙarƙashinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR. Haɗa bincike da koyarwa a wuri ɗaya shi ya ba cibiyar damar horar da masana 'yan ƙasa waɗanda suka gaji Turawa.

3.2 Darasi Daga Ƙauyukan Zariya

Kafin a shiga batun ƙasashe, yana da kyau a ambaci wani bincike da aka yi a gefen birni. A tsakanin 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa sun bi diddigin ayyukan manoma a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A wancan lokaci malaman gona suna kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. Binciken ya gano cewa manomi yana da hujja, domin haɗawar tana rage masa asara idan damina ta gaza, kuma tana biyan wahalarsa a lokacin da aiki ya fi yawa. Wannan fahimta ta zama ɗaya daga cikin tushen tsarin binciken da yake fara sauraron manomi kafin a ba shi shawara, tsarin da cibiyoyi da dama a Afirka suka ɗauka daga baya. Ke nan gudummawar Zariya ga maƙwabta ba ta tsaya ga iri kawai ba.

3.3 Fari da Kuturtar Gyaɗa

Masifu biyu ne suka tilasta wa gwamnatoci neman juna. Ta farko ita ce farin da ya addabi yankin Sahel, wanda ya tsananta daga 1972 zuwa 1974. A dalilinsa ne ƙasashen Sahel suka kafa kwamitin yaƙi da fari na CILSS a 1973, da cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET a Yamai a 1974. Ta biyu ita ce annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa. An ƙiyasta cewa ta lalata gyaɗa a kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Daga wannan lokaci noman gyaɗa ya durƙushe, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi, masu matse mai a birane irin su Zariya kuwa suka rasa abin aiki mai araha.

Maganin wannan cuta daga maƙwabta ya fito. Tun a shekarar 1952 kuturtar ta faɗa wa tarin irin gyaɗa da ake ajiye da shi a tashar Bambey ta ƙasar Sanagal. Kaɗan ne suka tsira, kuma an lura cewa waɗanda suka tsira sun fito ne daga kan iyakar ƙasashen da a yau ake kira Burkina Faso da Kwaddebuwa. Daga gare su aka samar da irin RMP 12 da RMP 91, waɗanda Samaru ta jarraba, ta kuma fitar da su da sunan SAMNUT 10 da SAMNUT 11. Matsalarsu ita ce suna ɗaukar kusan wata 5 kafin su nuna, alhali damina a Katsina da Kano ba ta kai haka. Sai a shekarar 2001 cibiyar, tare da hukumar ICRISAT, ta fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23, sannan SAMNUT 24 mai saurin nuna a 2011. Tazarar shekara 26 tsakanin annobar da fitowar waɗannan irin ta isa ta nuna irin haƙurin da wannan aiki yake buƙata.

3.4 Shirye-shiryen Haɗin Guiwa

Tun a shekarun 1960 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta gudanar da wani shirin binciken hatsi a Samaru da tallafin Amurka. A 1977 aka faɗaɗa shi zuwa shirin SAFGRAD mai ofishi a Wagadugu, wanda ya haɗa ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama. Tsarin aikin shi ne, a aika iri ɗaya zuwa tashoshin ƙasashe daban-daban, a shuka a damina ɗaya, sannan masana su taru su kwatanta sakamako. Da haka ƙasar da ba ta da masana da yawa take cin moriyar wadda take da su. Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An ga amfanin wannan hanya a fili. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta yi amfani da wani wake daga Botswana mai suna B301 wajen samar da irin da wuta-wuta ba ta kamawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda aka fitar a Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, kuma ana noma shi a Jamhuriyar Nijar. Haka kuma geron SOSAT, wanda ya samu karɓuwa a Arewa, a ƙasar Mali aka ƙirƙiro shi. A 2019 kuma Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da take huda kwanso, bisa haɗin guiwa da gidauniyar AATF ta Nairobi da masana daga Ostireliya, ko da yake har yanzu akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta.

3.5 Matsalolin da Aka Fuskanta

Matsala ta farko ita ce kuɗi. A Shirin Legas na 1980 shugabannin Afirka sun amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta domin binciken kimiyya, amma Nijeriya ba ta cika wannan alkawari ba. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan ɗakin gwaji suka gagara saye, ƙwararru da yawa suka bar jami'a. Da tallafin Amurka ga SAFGRAD ya ƙare a farkon shekarun 1990, ayyukansa sun ragu ƙwarai. Wanda ya hau dokin aro, dole ya sauka duk lokacin da mai shi ya buƙata.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Masanin Samaru da takwaransa na tashar Tarna a Maraɗi suna hidima ga manoma masu magana da Hausa, masu ƙasa da damina kusan iri ɗaya, amma ɗaya yana rubuta rahotonsa da Turanci, ɗayan da Faransanci. Ta uku kuwa ita ce siyasa. An rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ECOWAS. Waɗannan kuwa suna cikin ƙasashen da Samaru ta yi musayar iri da su.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa auduga da gyaɗa da wake da geron da ake kawowa kasuwar birnin Zariya suna ɗauke da aikin masana na ƙasashe da yawa. An kuma ga cewa nasara ta samu ne a duk inda aka tunkari matsala ɗaya, aka kuma jure shekaru ana aiki a kanta. Inda aka samu koma-baya kuwa, galibi janyewar masu tallafi ce ko saɓanin gwamnatoci ya jawo shi. Saboda haka, muddin ƙasashen wannan yanki ba su ɗauki nauyin bincikensu da aljihunsu ba, ci gaban nomansu zai kasance a hannun wasu. A babi na gaba za a duba yadda sakamakon wannan bincike yake isa ga manoman cikin birni da kewaye ta hanyar malaman gona da shirye-shiryen rediyo.