Ƙofar Garke a Ƙasar Minna: Daga Reshen Ƙaya Zuwa Ƙarfe

Kafin masu walda su shigo harkar, makiyayin ƙasar Minna ba ya sayen ƙofa. Yakan kewaye garke da sarƙaƙiya ko rassan ƙaya, ya bar kafa ɗaya, da almuru ya jawo babban reshe ya toshe ta. Wasu sukan kafa itatuwa masu gwafa biyu su gitta sanduna: a zare ta ƙasa maruƙa su fita, manyan shanu na ciki. Ga araha, ga sauƙin bari idan an tashi ƙaura, ko da yake gara ba ta raga wa itace.

Zama wuri ɗaya ne ya sauya lissafi. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, irin na Bobi da ke ƙaramar hukumar Mariga a yau. Da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, gari ya faɗaɗa, masu kiwon turka suka ƙaru, shingen waya da bulo suka fara maye gurbin ƙaya, ƙofar ƙarfe kuma ta maye gurbin reshe da sanduna.

Sai dai ƙofar ƙarfe tana da nata ciwon kai. Nauyinta yakan rinjayi ginshiƙi, musamman da damina idan ƙasa ta jiƙe, har bakinta ya riƙa jan ƙasa. Shi ya sa wasu maƙera suke rataye ta da doguwar ƙusa mai noti, a ɗaure ko a sassauta ta koma daidai. Dabara ce mai kyau, amma wajen ware maruƙa da iyayensu, tsoffin sandunan nan sun fi ƙofar ƙarfe.