Tarihin sankarar bakin mahaifa: daga ɓoyo zuwa rigakafi

'Yan uwa mata, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ta gama kai, bari mu waiwayi wata cuta da ta daɗe tana ɗauke mana iyaye ba tare da an kira sunanta ba.

Tsofaffinmu sun san yadda abin yake. Mace ta daina al'ada shekara da shekaru, sai jini ya dawo mata, ko ruwa mai wari ya riƙa zuba. Kunya ta hana ta faɗa. A ce sammu ne, a ce iska ce, a yi ta jiƙo da hayaƙi. Kafin a sayar da akuya ko buhun gyaɗa a kai ta Kano, lokaci ya ƙure. Sau da yawa, sankarar bakin mahaifa ce.

A 1943 wani likita ɗan asalin Girka mazaunin Amurka, George Papanicolaou, ya wallafa hanyar gwajin da ke gano cutar tun ba ta kama jiki ba. A 1983 Bajamushe Harald zur Hausen ya gano ƙwayar HPV a cikin sankarar, ƙwayar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma takan yi shekaru a jiki shiru. Ko matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka, don haka ba abin zargi ba ne. A 2006 aka fara allurar rigakafinta.

Sai ranar 24 ga Oktoba 2023 allurar ta shiga jerin rigakafin gwamnati a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin farko. An fara bayar da ita kyauta, sau ɗaya, ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 8,000 cutar ta kashe a ƙasar nan.

Mun ji masu cewa allurar tana hana haihuwa. Wannan magana ba sabuwa ba ce. Ita aka yi a 2003 har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, aka dawo da shi a 2004 bayan cutar ta ƙara bazuwa. Tsoron yana da tushe, don mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma dubi yaran da aka ɗiga wa maganin shan inna: yau ga su da goyo a baya.

To, me ya rage mana? Yarinya a kai ta allura. Uwa da ta kai shekara 30 ta je a duba ta ko da lafiyarta lau. Akwai gwaji mai sauƙi da ake shafa ruwa mai tsami a bakin mahaifa a duba da ido, cikin 'yan mintuna. Idan kika je awo ko kika kai yaro asibiti a Dambatta ko Bichi, tambayi ma'aikaciyar jinya inda ake yi. Wadda ta ga jini bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada, kada ta jira a gama kaka.

Maigida, a taimaka da izini. Mu kuma, yadda muke zubin adashi don taki da kayan ɗaki, mu ware wani abu don kuɗin motar 'yar uwar da aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada rashin kuɗin mota ya sake zaunar da wata a gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya ƙara mana lafiya.